Biyar ɗin Kurciya

Yayan mijina mai shagon taya ne, mu kuma a ƙasan benensa muke zaune, shi ya sa ko tari ya yi sai a ce masa sannu. Yana da ɗa ɗan shekara shida da ake kira Janar. Dokar gidan ita ce Janar ba ya faɗuwa a wasa.

Kullum da yamma ake kiran 'yata Kurciya ta hau sama su yi wasan maciji da tsani. In ta kusa ci, sai Yaya ya yi gyaran murya, ta ja da baya. Na taɓa yin magana, ya yi dariya ya ce, "Haba Tela, ai wasa ne." Mijina kuwa ya ce in bar kaza cikin gashinta.

Wata rana na kai ɗinki sama, na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu. Yaya ma ba ya nan. Kurciya ta jefa dayis, ɗan ƙwallon wasan mai ɗigo-ɗigo, biyar ta fito, biyar ɗin da za ta ɗora ta a kan tsani. Sai ta ɗauki jan maɓallin da take wasa da shi ta ƙirga huɗu, ta ajiye shi a bakin maciji da hannunta, tana murmushi. Babu wanda ya sa ta. A makon nan kuma malamarsu ta ce mini yarinyar ta san amsa sarai, amma da ta ga wani ya ɗaga hannu sai ta sauke nata.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rantse sai Yaya ya ɗanɗana abin da ya dafa.

Na zauna da Kurciya a gindin keken ɗinki, na zube maɓallai, muka yi ta ƙirga da ƙarfi har muryarta ta daina rawa. Sannan na jira, don mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ran Asabar abokan Yaya, har da wani likita, suka cika falo suna shan shayi, Yaya yana ta cika baki wai ɗansa bai taɓa faɗuwa ba, ƙwaƙwalwa ce irin ta ubansa. Na ajiye tire na ce, "Yaya, a nuna wa baƙi mana. Likita ya riƙa duba musu ƙirga." Likitan ya gyara tabarau ya matso. Yaya ya harare ni, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Aka fara wasa, ban san wa zai ci ba. Can maciji ya haɗiye Janar daga sama har ƙasa, Kurciya kuma ta jefa, biyar ta fito, daidai gidan ƙarshe. Yaya ya yi gyaran murya. Ta dube shi, hannunta ya tsaya a kan huɗu. Na kama bakina na yi shiru, don wannan ƙirgar tata ce.

"Biyar," in ji ta, ta dangwara maɓallin.

Janar ya yi fatali da kwalin wasan, shayi ya kife a farar rigar ubansa. Ya faɗi yana birgima yana ihu: "Baba, ka ce mata ta faɗi! Ka yi tarin nan da kake yi mata kullum!"

Wani baƙo ya ƙware da dariya. Yaya ya rasa inda zai sa fuskarsa. Na tsinci jan maɓallin na damƙa wa 'yata, sannan na miƙa wa Yaya tsumma, zuciyata fari ƙal.

"Haba Yaya," na ce, "ai wasa ne."