Jar Motar Ferdinand a Hanyar Kwandere

Tun da Ferdinand ya rasu, jar motarsa mai ƙofa biyu take ajiye a ƙarƙashin rumfa a gidansu na Bukan Sidi. Matarsa Hembadoon ba ta iya tuƙi ba, ta kuma ƙi sayarwa. Da bazara ta kama, mangwaron da ya shuka a gonarsu ta Kwandere ya nuna, sai ta roƙi maƙwabcinsu Mailafiya, tsohon abokin marigayin, ya kai ta can a cikin motar.

Ba su fita gari ba suka faɗa gosulo. Wata tirelar doya ce ta mace a tsakiyar titi, keke da babura suka cika ko'ina. Mailafiya ya ga allurar zafin inji tana hawa a hankali.

"Maman Seember, ki yi haƙuri," ya ce, "zan kunna hita."

"Hita kuma? A cikin wannan rana? Alhaji, gasa ni za ka yi?"

"Tsohuwar mota ce, idan ba ta gudu iska ba ta isar lagireto. Hita za ta janyo zafin ta kawo mana, injin ya huta. Mijinki ne ma ya koya mini."

Ya sauke gilas duka biyu. Iska mai zafi ta fito da ƙamshin tsohuwar fatar kujera, Hembadoon ta jingina kai. A gaba, kawalwainiya ta kwanta a kan kwalta, masu tallar lemo suna ratsa ta kamar masu wucewa a rafi. Hon ɗin motoci ya yi mata nisa. Sai ga ta a kan gadar Makurdi tana amarya, Ferdinand na tuƙi da hannu ɗaya yana waƙar da bai iya ba, kogin na sheƙi ta kowane gefe. Iska ta fizge ɗankwalinta, ta ga yana sauka a hankali, har yanzu bai taɓa ruwa ba.

Da ta buɗe ido, motar na tsaye a inuwar wata ɗorawa, an ɗaga bonet. Mailafiya na zaune a kan dutse da jarkar ruwa a gefensa.

"Ba ka zuba ba?"

"Sai ta huce. In na buɗe yanzu, tafasasshen ruwa zai yi mini wanka."

Ta fito ta zauna kusa da shi, zufa na bushewa a wuyanta. Injin na ta ƙas-ƙas a hankali.

Da la'asar suka isa gonar. Mangwaro ya zube birjik, jemagu sun riga sun ci rabonsu. Hembadoon ta tsinci ɗaya, ta goge da zaninta.

"Alhaji," ta ce, "kafin damina za ka koya mini tuƙi."

Ya dube ta, ya dubi motar. "To, amma da sassafe."