Ƙarfen da Ke Zuciyar Bajimi

Yusha'u ya riga ya turo baro cikin zaure lokacin da Inna Rahama ta tare ƙofa, da tsintsiya a hannu.

"Ina za ka kai shi? Mutumin da ko bayi ba ya iya zuwa sai an riƙe shi?"

"Shi ya ce in taho da baro, Inna."

"Shi ya ce! In ya ce ka jefa shi rijiya fa?"

Daga cikin ɗaki muryar mijinta Baba Halliru ta fito, guntu-guntu, tana haɗe da haki. "Rahama. Kauce."

Ta kauce. Amma sai da ta shimfiɗa buhu a baron, ta ɗora matashi biyu, tana yi tana faɗa.

Baba Halliru mahauci ne. Shekara hamsin ya yi yana fawa, daga kasuwar Bungudu zuwa mayankar Gusau, kafin ya dawo Kekun Waje ya zauna. Tun bara ciwo ya kama shi. Ƙafafunsa suka kumbura kamar turmi, kwanciya ta gagare shi, barci ma a zaune yake yi. A asibiti aka ce zuciyarsa ta gaji. Ya ce wa likitan ya sani, ya karɓi ƙwayoyinsa ya dawo gida.

Katanga ɗaya ta raba gidansa da na Yusha'u, kuma ta kan katangar nan ya ji abin da ke tafe.

Kwana goma sha biyu da suka wuce, bajimin huɗa na Alhaji Mahadi ya tsinke igiya ya shiga gonar Yusha'u ya kwashe geron da ya fara tasowa. Yusha'u, cikin fushi, a gaban mutane, ya ce sai ya ga bayan san nan. Kwana biyu bayan haka bajimin ya bar cin abinci. A makon ne kuma aka ga Yusha'u ya sayo maganin feshi daga Gusau. Gari bai nemi ƙarin shaida ba. Mai unguwa ya yanke magana: ranar da san ya mutu, za a miƙa Yusha'u ga 'yan sanda a Bungudu, Alhaji kuma ya karɓe gonar, don aro ce tun zamanin iyayensu. Da ita Yusha'u yake ciyar da baki tara. A masallaci ma sahun da ya tsaya sai ya ga an bar masa fili.

Jiya da la'asar tsohon ya kira shi ya yi masa tambaya uku. San yana kumfa? A'a. Yana zawo? A'a. Yaya yake tsayuwa? Yusha'u ya ce an ce yana ɗora ƙafafun gaba bisa tudu, ya buɗe hammata, ba ya son kwanciya.

"Guba ba ta kwana goma," in ji tsohon. "Gobe ka taho da baro."

Haka suka ratsa gari da hantsi, Yusha'u na turi, tsohon na zaune ƙafafu a waje, sandarsa bisa cinya. Mata suka leƙo. Masu zaman dakali suka miƙe suka bi baya. Kafin su isa turken Alhaji Mahadi, mutum ya kai talatin, har da mai unguwa.

Alhaji na tsaye kusa da shanunsa biyu. Da ya ga mai turin baron, fuskarsa ta ɗaure.

"Baba, sannu da ƙarfin hali. Amma wanga mutum bai shiga turkena."

"Shi ne ƙafata yau. Ka kore shi, ka kore ni."

Alhaji ya kauce. Aka matsa da baron har gaban bajimin.

Farin sa ne, babba, mai tozo. Yanzu ya rame, ido ya faɗa, ƙirjinsa ya cika da ruwa yana reto tsakanin ƙafafunsa. A gefen wuyansa jijiya ta miƙe, kauri kamar igiyar guga.

Baba Halliru ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Mahadi, zo nan. Je ga wancan mai lafiyar. Danne jijiyar wuya nai da babban yatsa, a tsakiya."

Alhaji ya danna, yana yamutsa fuska.

"Mi ka gani?"

"Sama ta cika. Ƙasa ta lotsa."

"Awo. Jinin kai shina gangarowa ya koma zuciya. Ka tare hanya, na sama ya taru, na ƙasa zuciya ta janye. Yanzu danna ta wanga."

Alhaji ya danna jijiyar bajimin. Sama ta cika. Ƙasa ma ta tsaya cike, ba ta motsa ba.

"Ba ta lotsa ba."

"Don zuciya ba ta karɓa. Ɗaki huɗu gare ta, biyu na karɓa, biyu na turawa. In an matse ta daga waje, ɗakin karɓa bai buɗewa. Jini ya zo ya tarar da ƙofa rufe, ya tsaya a wuya, ruwa nai ya tsattsafo cikin ƙirji." Ya tsaya ya ja numfashi. Sannan ya sa hannu ya janye wuyan rigarsa. Tasa jijiyar ma a miƙe take, tana bugawa har ƙarƙashin kunne. "Ka gani? Ni wa ya ba ni guba?"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Tsohon ya sa aka tallabe shi, ya manna kunne a bayan hammatar hagu ta bajimin. Turken ya yi tsit, sai ƙudaje. Da ya ɗago ya ce, "Kamar an girgiza gora rabin ruwa. Ƙarfe ne. Ya haɗiye shi cikin abinci, ya huda tumbi, ya bi ya soki rigar zuciya. Rigar ta cika da mugunya, ita ta shaƙe ta."

"Baba, da ido ka ga ƙarfen?" in ji Alhaji.

"Na fiɗa irinsa ya fi ashirin tun kana tsotson yatsa. Wanga sa bai ganin Asabar. Ka yanka shi yau, ko ka ja mushe jibi."

"In na yanka ba a samu komi ba fa?"

"Ku haɗa ni da Yusha'u ku kai Bungudu. Ga baro nan, ba sai kun nemi mota ba."

Mai unguwa ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi bajimin, ya shafa tozonsa, ya juya baya. "A kira Kamilu."

Kamilu mahauci ne, magidanci, a hannun Baba Halliru ya koyi riƙon wuƙa. Ya zo da wuƙaƙensa, aka kayar da san, aka fuskantar da shi gabas, aka yi bisimilla. Yusha'u bai kalli yankan ba. Hannunsa na kan baron. Ya san bai ba sa komai ba. Amma bai san abin da ke cikinsa ba, kuma tsoho na iya kuskure.

Aka fiɗe, aka buɗe ciki. Kamilu ya tsaga tumbi ya zube, ya bi da hannu. Leda ya samu, da guntun igiya. Ya tsaga ƙaramin tumbin nan mai gida-gida kamar saƙar zuma, ya lalube shi kaf.

"Baba, babu ƙarfe."

Surutu ya tashi. Wani daga baya ya ce, "To, an yi asarar yanka." Alhaji ya harɗe hannu.

"Wa ya ce ka tsaya nan?" in ji tsohon, ko gezau. "Ɓarawo na zama inda ya fasa katanga? Duba inda tumbin ya manne da tantanin ƙirji."

Kamilu ya duba. A manne yake, da tauri kamar tabon ƙuna, da ɗan baƙin rami a tsakiya.

"Bi shi. Sara ƙashin ƙirji. A hankali, ɗan banza, ba itace kake faskare ba."

Da ƙirji ya buɗe, babu wanda ya gane zuciyar. Wata jaka ce ta cika wurin, ta kai girman ƙwarya, ta ture huhu gefe. Kamilu ya ɗora bakin wuƙa. Ruwa rawaya ya tsarto, da warin da ya sa mutanen gaba suka ja baya suna toshe hanci. Ya zuba ya fi cikin tasa. A ƙarƙashinsa zuciyar take, ta tsuke, jikinta duk ya lulluɓe da farin abu kamar dagargajajjiyar awara.

"Matso da ni," in ji Baba Halliru.

Yusha'u ya tura baron har bakin gawar san. Tsohon ya naɗe hannun riga ya cusa hannu ta bayan zuciyar. Yatsunsa a kumbure suke, amma sun san hanya. Ya rufe ido. Numfashinsa kaɗai ake ji, yana fita kamar zuga-zugi. Ya daɗe, har Kamilu ya buɗe baki zai yi magana. Sai hannun ya tsaya. Ya jawo a hankali, ya ɗaga sama.

Siririyar waya ce, baƙa, tsawon ɗan yatsa, bakinta a lanƙwashe.

"Allahu akbar!" Turken ya ɗauka gaba ɗaya. Kamilu ya jefar da wuƙa ya dunƙule hannu sama. "Sai Baba! Gaba dai mai fawa, na Rahama ba ka kuskure!"

Alhaji bai yi kabbara ba. Ya ce, "Wanda ya iya zuba guba ya iya sa waya cikin dusa."

Tsohon bai ko dube shi ba. "Ina yake cin dusar?"

Aka nuna. A gindin turke akwai tsohuwar tayar tirela da aka raba biyu aka mai da ita komin abinci. Kamilu ya mirgino ta. Bakinta ya cinye, wayoyin cikinta sun fito tsirara kamar gemun akuya, wasu sun kakkarye. Mai unguwa ya karyo ɗaya ya jera ta da wadda ke hannun tsohon. Ko uwa ɗaya ta haife su sai haka.

"Wa ya kawo taya wagga?" in ji mai unguwa.

Alhaji Mahadi ya dubi tayar. "Ni. Daga Tsafe na ɗauko ta, shekara uku."

"To ɗauke ta gaban wancan kafin ya bi ɗan'uwa nai," in ji Baba Halliru. "Kuma akwai magana a bakinka. Gaban jama'a ka ɓata mutum, gaban jama'a za ka gyara."

Alhaji ya taka har gaban Yusha'u. Ya cire hula. "Malam Yusha'u, na zalunce ka. Ka yafe mini. Gonar tana hannunka, da kai da ɗiyanka."

Yusha'u ya so ya ce wani abu mai nauyi. Abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya yafe mana."

"Kai kuma," tsohon ya nuna shi da wayar, "ka koyi riƙe baki."

Da za a koma, Alhaji ya kama hannun baron da kansa. Da babbar riga ya tura shi, gari na biye, Kamilu na gaba yana kirari, mata na guɗa ta kan katanga. Tsohon na zaune ya miƙe wuya, wayar a hannunsa, bai yi murmushi ba sai da suka iso ƙofar gida ya ga Inna Rahama tsaye.

"An samu?" ta ce.

"Kin taɓa jin ba a samu ba?"

Bai sake fita ba. Juma'a ya wuni a jingine, mutane na shigowa gaisuwa, kowa sai ya roƙi a nuna masa wayar, amma an rasa inda ta shiga. Asabar bayan azahar ya aika a kira Yusha'u. Ya same shi a zaune, leɓɓansa sun yi duhu.

"Yau mi gare mu?"

"Asabar, Baba."

"To na fi san kwana." Ya kama hannun Yusha'u ya ɗora a wuyansa. Jijiyar na bugawa, ta tsaya, ta sake bugawa. "Ka ji? Ɗakin karɓa ya rufe. Kira Rahama. Kai kuma ka zauna, ka tuna mini kalma in na manta."

Bai manta ba. Da bakinsa ya yi shahada, kafin kiran la'asar.

Aka kai shi kafin magariba. Yusha'u na riƙe da gaban makara ta dama, Alhaji Mahadi ta hagu, sahu ya kai har bakin hanya.

Da suka dawo aka fara yayyafi. Baron na nan a zaure inda aka bar shi, da buhun da matashin biyu, da lotsawar inda tsohon ya zauna. Inna Rahama ta fito ta ɗauke matashin. Wayar ta faɗo daga ƙarƙashinsu, ta yi ɗan ƙara a cikin baron. Ta tsaya tana kallonta. Sannan ta ɗauka, ta goge ta da bakin zane, ta soke ta a jikin azara bisa ƙofar zaure, inda yake rataye wuƙarsa.