An Ja Ni da Igiya a Gaban Mero

Duk wadda ta ga hoton nan a WhatsApp na Zumuntar Matan coci ta yi dariya, na yafe mata, don ni ma da wata ce a ciki da na dara. Tsohuwa ce da hular kwano a kan ɗankwali, tana zaune a kan doki, wata Baturiya kuma tana tafiya a ƙasa tana jan dokin da igiya kamar za a kai akuya kasuwa. Tsohuwar nan ni ce, Chundung, uwar Dalyop, ta unguwar Longsight a Manchester. Abin da ban yafe ba shi ne yadda aka yi igiyar ta zo.

Kowace shekara idan rana ta ɗan leƙo, Zumuntarmu ta Manchester da ta Birmingham mukan haɗu a wani wuri mu yi wuni. Yawanci bakin teku ne, mu ci shinkafa iska tana zuba mana yashi a ciki. Bana sai wata yarinya ta ce akwai wata gona a cikin tuddai, tsakaninmu da su, inda ake ɗora mutane kan dawakai a zagaya da su, ko da mutum bai taɓa hawa ba. Mata suka yi ta ihu suna cewa a rufa musu asiri. Ni na fara ɗaga hannu.

Ina da dalilina. Babana Nyam yana da ƙuru a ƙauyenmu bayan Bukuru, ɗan gajeren doki ja mai taurin kai. Ni ke yanko masa ciyawa, ni ke ɗebo masa ruwa, ni ke cire masa kaska. Amma hawa, sai 'yan'uwana maza. Ran da na ɗare bayansa yana ɗaure a turke, dukan da na sha har yau ina tuna wurin. Aka ce mace ba ta hawa. Na yi aure, na haihu, na binne miji, na zo ƙasar Turawan nan na share ofisoshi a unguwar Ardwick har bayana ya sunkuya, abin nan bai fita daga raina ba.

Justina, matar ɗana, ta ara mini wando na sa a ƙarƙashin zani. Na sayi takalmin roba mai tsawo a kasuwar Longsight. Na yi addu'a, na hau coach, doguwar motar da Zumunta ta ɗauko haya.

Gonar tana da katangun duwatsu da tumaki, tuddan kuma kamar na gida, sai dai a jiƙe. Mai wurin sunanta Maureen, Baturiya mai furfura, hannuwanta kamar na manomi. Ta tara mu ta yi bayani: ki ja linzami hagu, doki ya yi hagu, ki ja dama, ya yi dama, ki ja duka biyu, ya tsaya, dugaduganki ƙasa cikin likkafa. Ban yi boko ba, amma wanda ya share ofis shekara da shekaru yana jin Turanci, na kuwa ji ta sarai.

Aka ba ni goɗiya mai ruwan ƙasa wai ita Biskit. Na taka wani ɗan matakala na katako na hau sirdi da kaina, ba wanda ya tura ni. Da na ji ɗumin jikinta a cinyoyina, hawaye ya so ya kunyata ni, na mayar da shi.

Kusa da ni aka ɗora Mero ta Birmingham. Tun muna 'yan mata a Jos na san Mero, bakinta bai taɓa hutawa ba. Ta girme ni, tana da ciwon suga, matakalar coci ma sai da sanda take hawa. Mutum biyu suka cicciɓa ta kan doki tana kiran sunan Yesu.

Aka buɗe ƙofar gona. Dawakai suka jeru bayan wani mai jagora, suka nufi tudu ɗaya bayan ɗaya, har da Mero. Biskit ta ɗaga ƙafa za ta bi, sai na ji ƙaras. Maureen ce ta maƙala igiya a linzamin.

“Ke kina tare da ni, my love,” in ji ta.

Na nuna mata tudu. “Up. I go up.”

Ta yi murmushin nan nasu da ba ya kai ido, ta ce nan ya fi lafiya. Ta ja ni cikin wani fili shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, muka yi ta zagayawa, muna wuce tulin kashin doki guda ɗaya muna sake dawowa kansa. Ina kallon shuɗin zanin Mero yana ƙanƙancewa a kan tudu har ya ɓace.

Da suka dawo ana nan ana jana. Mero ta zaro waya tun ba a sauke ta ba.

“Chundung! An taya ki ne, ko har yanzu ba mai saye?”

“Ki riƙe sirdi dai, kada ki faɗo ki fasa musu ƙasa.”

“Ni ai na je na dawo. Can sama har Birmingham na hango. Ke me kika hango?”

Kafin mu iso Stockport Road, titin unguwarmu, hoton ya gama zagaya wayoyi.

Na yi ta juya maganar a raina. Baƙar fata ce? Duk baƙaƙe ne muka je. Tsufa ne? Ga Mero. Nauyi ne? Akwai wadda ta yi biyuna, ta hau tudun. To me na yi wa matar nan?

Na kai ƙara wurin Dalyop a kan abinci. Shi nas ne a asibiti, ya san yadda ake magana da Turawa. Bai ɗago daga kwanonsa ba.

“Mama, ki bar shi kawai. Sun san aikinsu.”

Justina ta tashi ta shiga kicin, alhali ba abin da ke kan wuta.

“Ban bari ba. Ranar da ba ka da shift a asibiti za ka sa ni a mota ka kai ni. Zan faɗa mata abin da ke bakina da Hausa, kai ka juya mata, don Turancina ba ya ɗaukar fushi.”

Ya ce mota tana da matsala. Ya ce an canja masa shift. Na ce to, ina da bus pass, katina na shiga bas, zan hau bas mai lamba 192 in nemi jirgin ƙasa, in na ɓata a cikin tumaki sai ya yi wa Pasto bayani. Ran Asabar motar ta warke.

Muka tarar da Maureen a bakin barga tana goge sirdi. Na sa wandon Justina da takalmin robana, don ban zo hira ba.

“Gaya mata,” na ce, “ni ce tsohuwar da ta wulaƙanta a gaban mutane.”

Dalyop ya ce mata da Turanci wai mahaifiyarsa ta ji daɗin zuwanta sosai, tana da 'yar tambaya kaɗan.

“Kai! Na ce na ji daɗi? Enjoy ɗin me? Faɗi abin da na faɗa!”

Maureen ta ajiye tsumman, tana kallonsa, ba ni ba. Ta tambayi sunansa. Ya faɗa ƙasa-ƙasa.

“Oh,” in ji ta, “kai ne ɗan da ya kira ni a waya.”

Wannan ba na bukatar tafinta. Na juya gaba ɗaya na dube shi. Namiji mai gemu, uban yara, ya tsaya yana kallon takalminsa kamar ranar da ya sha mini madarar gwangwani yana firamare.

Maureen ta yi bayani, da ta ga abin ya riga ya fashe. Wai ya kira ta ana gobe za mu zo. Ya ce an yi mini aiki a ƙugu, jiri yana ɗibata, kada a bar ni in hau tudu, kuma kada a gaya mini don zan yi rigima.

Aikin ƙugu gaskiya ne. Na zame a kan ƙanƙara a gaban shagon mahauci a lokacin sanyin bara waccan. Amma na warke. GP, likitata, da bakinta ta ce in yi tafiya, in motsa jiki. Jiri kuwa sau ɗaya ne, ranar da na yi azumi na sha magani a kan yunwa.

Na fara da Baturiyar, da Turancina yadda ya samu. Na ce mata, ina gabanki, da bakina, da kunnuwana. Kin tambaye ni? Ko GP ba ta taɓa ni sai ta ce, may I. Ku ne kuke cewa a ƙasarku kowa da 'yancin kansa. Namiji ya yi miki magana a waya, ba ki taɓa ganin fuskarsa ba, sai kika ɗaura wa uwarsa igiya. Na mutu ne da za a tambayi magajina?

Fuskarta ta yi ja har wuya. Ba ta yi gardama ba, wannan kam na yaba mata. Ta ce gaskiyata ce, ni ya kamata ta tambaya, kuma ta yi kuskure.

Sai na koma kan nawa.

“Kai kuma. Da ka zo ka ce mini, Mama ina jin tsoro, da na zage ka mun gama a cikin gida. Amma ka zagaya ta bayana. Ka zauna kana cin tuwona, kana ji ana yi mini dariya daga nan har Birmingham, ka ce sun san aikinsu.”

“Mama, ni na ɗauke ki daga kan ƙanƙarar nan.” Ya ɗago kai ya dube ni. “Kullum a ward ɗinmu na asibiti ina ganin tsofaffin da suka faɗi sau na biyu. Ba sa tashi. Baba ya tafi. Ke kaɗai kika rage mini.”

“Na ji. To ka ajiye ni a cikin kabad ɗin Justina tare da kwanukan da ba a ci da su. Kakanka ya hana ni don ni mace ce, kai ka hana ni don na tsufa. Yaushe ne nawa lokacin? A kabari?”

Na juya masa baya.

Na ce wa Maureen ban zo neman sorry ba, sorry ba ya hawa tudu. Ta ce za ta kai ni, amma da sharaɗin da take yi wa kowa idan tana shakka: in shiga fili ni kaɗai, in tafi, in juya, in tsayar da goɗiyar inda ta ce. In na kasa, ba tudu. Na ce wannan magana ce, don ni aka yi wa ita.

Aka fito da Biskit. Ba zan yi muku ƙarya ba, farkon bai yi kyau ba. Na ce ta tafi, ta tsaya. Na ja hagu, ta yi dama ta dulmiya kai cikin ciyawar bakin shinge, saura kaɗan in bi ta wuyanta in sauka. Na ji Dalyop ya ce “Mama!” Haushi ya taso mini. Na tattara linzamin, na ɗago kanta, na danna mata dugadugai, na yi mata tsawar da nake yi wa ƙurun babana idan ya taka mini ƙafa. Ta kaɗa kunne ta tafi. Muka juya. Maureen ta ɗaga hannu, na ja, Biskit ta tsaya cak a gabanta.

Maureen ta hau nata dokin. Igiyar nan tana rataye a kafaɗarta. Ta sauke ta, ta miƙa wa Dalyop ta ce ya riƙe mata.

A bakin ƙofa sai ga hannunsa a kan linzamina. Ban san lokacin da ya matso ba.

“Mama, bari in bi ku a ƙasa. Ba zan ja ba. Zan riƙe kawai.”

“Cire hannunka.”

“Mama.”

“Dalyop, ni na koya maka tafiya. Da ka fara takawa sakinka na yi, ka faɗi ka fasa leɓe, ban ɗaure ka a ƙafar gado ba. Cire hannunka daga dokina.”

Yatsunsa suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Tudun ya fi yadda yake a ido. Hanyar duwatsu ce, kofato yana zamewa, Maureen tana waiwayowa tana cewa in sunkuya gaba in kama gashin wuya. Na kama. Na ji tsoro, cinyoyina suka yi ta kuka, ƙugun nan da ake ta magana a kansa ya tuna mini yana nan. Wani reshe ya kusa tafiya da hular kwanon. Amma linzamin yana hannuna, kuma duk inda Biskit ta sa ƙafa ni na yarda ta sa.

A can sama iska ta cika mini zani. Na duba ko'ina. Ba Birmingham ba alamarta, Mero maƙaryaciya ce. Tumaki ne, da katangu, da wani ɗan mutum a bakin ƙofar gona yana tsaye da igiya ba komai a jikinta.

Na ba Maureen wayata ta ɗauke ni, na ce ta tabbata hannuwana sun fito.

A mota Dalyop ya ce, “To Mama, shi ke nan ko? Kin hau.”

“Shi ke nan me? A gaban mutane aka ja ni, a gaban mutane za a wanke ni. Gobe bayan sujada za ka tsaya gaban Zumunta ka faɗi wanda ya sa aka ɗaura igiyar. Za a kira Mero a waya a buɗe murya ta ji da kunnenta.”

“Mama, matan nan za su cinye ni.”

“Za su cinye ka. Ka sa riga mai kyau.”

Ya tsaya kuwa, ya faɗa, suka yi masa ca har Pasto ya leƙo. Mero ta ce ta ji, amma har yau ba ta goge hoton ba, wai ba ta san inda ake dannawa ba. Ta san inda ake dannawa a tura. Na gaya wa Justina ta duba mini coach na Birmingham, zan je in nuna mata da yatsana.