Hawayen Kwalba

Ni ke yi wa Sulabha Karnik kwalliya tun ranar da ta fara fitowa a wasan talabijin ɗinmu na rana, a nan Mumbai. Ta shigo tana amaryar gida, ta zama uwa, ta zama kaka, duk a kan kujerata. Matan gari kan sauke shinkafa da wuri don kada kukanta ya wuce su. Kukan kuwa daga aljihuna yake fitowa: 'yar kwalbar gilisarin mai sa hawaye, ɗigo ɗaya a kowane ido.

Takan ce, "Zuba, Vasant, yau ma mijina ya mutu." Marubuta sun sha kashe mata shi suna dawo da shi.

Ranar rufe wasan, aka ce ta yi ban kwana da tsakar gidan katakon da aka gina don wasan, inda ta tsufa a ciki. Na ciro kwalba, ta ture hannuna. Ta dafa ginshiƙin da fentinsa ya koɗe daidai wurin tafinta, sai ga kuka, fuska a yamutse, har da majina. Ban taɓa ganin ta haka ba.

Darakta, sa'an jikanta, ya leƙo daga bayan kyamara. "A tsaya! Haba Mama, wannan ai bai yi kama da kukan gaske ba. Vasant, ina kwalbar?"

Ta share fuska da gefen zanenta na sari, ta yi dariya, ta ɗago mini idanu.

"Zuba," in ji ta. "Kukan kwalba suka sani."