Ɓauren da ke Bayan Shinge

"Ki manna kore a inda kike son a gyara, ja kuma a inda ba kya so a taɓa," in ji yarinyar, tana miƙo 'yan takardu masu danƙo, zagayayyu kamar kwabo. "Ra'ayin kowa muke son ji, Vernell."

Na kusa shaƙewa da kofin da nake kurɓa. Tsohuwar da ta haura tamanin, wadda rabin unguwar nan a hannunta suka koyi waƙar coci, a kira sunanta gatsal babu ko Mis! Duk mutanen ɗakin taron cocin suka juyo. Mis Vernell Tibbs, maƙwabciyata da bango ɗaya ya raba mu, ta ɗago ta dubi yarinyar ta saman tabarau.

"'Yar nan, uwarki ce ta raɗa mini sunan?"

Fuskar yarinyar ta yi ja har kunne. Kirsten sunanta, farar fata ce, siririya, da katin aiki rataye a wuya. Daga sabon ofishin da magajin gari ya buɗe ta zo, wanda aka ce aikinsa daidaita baƙar fata da farar fata da gyara ɓarnar da aka yi mana a baya. Wannan ne taronsu na sauraro na ban san nawa ba. Mu dai mun sauraru har mun gaji.

Mis Vernell ta dogara sandarta ta je gaban taswirar da aka kafe a bango. Ba ta kalli filin wasa ba, ba ta kalli tashar bas ba. Ta danna korenta a gefen babbar hanya, a wani siririn wurin da ko suna ba a rubuta masa ba.

"Nan akwai ƙofa. Ku buɗe ta. Shi ke nan ra'ayina."

Kowa a ɗakin ya san wurin, ban da masu taswirar. Lokacin da Mis Vernell take budurwa, hukumar birni ta ja babbar hanya ta tsakiyar unguwar baƙar fata, aka rushe Layin Tillery kaf, gidaje da shagon aski da coci biyu. Gidan mahaifinta yana ƙarƙashin kwaltar nan. Abin da ya tsira kawai bishiyar ɓauren da ya dasa a bayan gida, wadda aka sare ta sake tohowa. Tana nan a ƙarshen layinmu, tsakanin hanyar da shingen waya, ana ganinta sarai. Shingen yana da ƙofa, ƙofar tana da kwaɗo, da allo mai cewa wanda ya shiga zai gamu da hukuma.

"So nake in zauna a gindinta kafin in tafi," in ji ta. "In ci ko ɗaya ne."

"Ai wannan mai sauƙi ne!" Kirsten ta ce, har da tafa hannu. "Ki ba ni mako biyu."

Ni da na yi shekaru ina dafa wa yaran makarantar gwamnati abinci, na san makon hukuma.

Kaka ta wuce, sanyi ya shigo. Da farko aka ce shingen ba na birni ba ne, na masu kula da hanyoyin jiha ne. Na jiha suka ce shingen nasu ne amma ƙasar ta birni ce. Sai aka kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, aka ɗauko wani masani daga wata jiha ya zo ya yi mana bayanin yadda aka zalunce mu, da hotuna a bango. Muna zaune, wasu a cikinmu suna gane kansu a hotunan. Wallahi ranar da ban da darajar coci da na jefe shi da takalmi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wai ba su yi komai ba ne. Sun yi, har sun yi yawa. Sun sa fitilu a layinmu, na gode. Sun fenta kujerun tashar bas. Da ganye ya fara tohowa kuma suka zana fuskar Mis Vernell a bangon gadar hanyar, tsayin gida mai bene, aka yi biki da makaɗa da 'yan jarida. Aka kawo ƙaton kek, ita kuwa ciwon sukari ya hana ta ko lasa. Na tura ta a keken guragu, don ƙafafun sun riga sun ƙi, muka tsaya a gaban zanen.

"Claudette, wace ce wannan?"

"Ke ce, Mis Vernell."

"To! Ta fi ni haƙora. Ita sun bar ta kusa da gida, ni kuwa ina nan ina jiran mabuɗi."

Daga inda muke tsaye ana hango ɓauren, jifa ɗaya. Babu wanda ya waiwaya ya dube shi.

A hanyar komawa na kasa haƙuri. Na ce mata Dikin Purvis, dattijon cocinmu mai gyaran famfo, yana da ƙaton almakashin yanka ƙarfe a bayan motarsa, kuma ya ce ko yau aka ce ya zo zai zo.

"Minti nawa ne? Mu yanke, ki zauna, mu fito. Wa zai kama tsohuwa?"

Ta riƙe tayar keken da hannu har sai da na tsaya.

"Ke yarinya, ba ki da hankali? In shiga bayan gidan ubana kamar ɓarauniya? Ranar da suka zo da motar rusau, da rana tsaka suka zo, da hular aiki a kansu. Babana yana tsaye riƙe da agogon bango, bai san inda zai ajiye shi ba. Su suka rufe, su za su buɗe. In ba su buɗe ba, su sha kunyarsu."

"In kuma kika mutu kina jira fa?"

"Sai ki yi ta masifa, ai kin iya."

Haushinta ya kama ni, na ofishin ya kama ni, har ɓauren ma na ji haushinsa. Taurin kai irin na Mis Vernell ban taɓa gani ba, kuma na san gaskiyarta, abin da ya ƙara mini takaicin ke nan.

Da zafi ya tsananta ɓauren ya nuna, ita kuma ta kwanta. Likita ya ce zuciyar ce, babu sauran abin yi, a bar ta a gida. Ni nake dama mata kunun masara da safe, in goge mata jiki, in juya fankar ta fuskance ta. Tagar ɗakinta tana kallon ƙarshen layin. Tsuntsaye suka yi ta shagali a bishiyar, tana kwance tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana da hantsi Kirsten ta ƙwanƙwasa. Ta rame, ban san ko aikin ne ba. Ta zo da ɓaure a 'yar roba, irin na babban kanti, manya masu sheƙi.

"Mis Vernell, ina kwana? Na kawo miki wannan."

Tsohuwar ta ɗan gutsura, ta tauna, ta mayar.

"Ruwa ne zalla. Amma kin koyi gaisuwa, an ci gaba. Ina mabuɗina?"

"Lauyoyi ne suka riƙe maganar yanzu. Suna tsoron kada wani ya ji ciwo a wurin. An sa ta a zaman wata mai zuwa."

"Ciwo?" na ce, murya ta fi ƙarfina. "Yanzu ne kuka san ana jin ciwo a wurin?"

"Claudette, rufe mini baki, baƙuwa ce." Ta kamo hannun yarinyar. "'Yar nan, ba ki da mugun hali, na gani. Amma kin iya saurare fiye da kima. Tun bara kike saurarena. Kunnenki bai gaji ba?"

Kirsten ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan katin wuyanta. Ban ba ta hankici ba, ban ga dalili ba.

Mis Vernell ba ta kai wata mai zuwan ba. Ranar wata Talata na shigo da kunu na same ta fuskarta na kallon taga, fanka na kaɗa gefen zanen gadon. Na ajiye kwanon, na rufe mata ido, na zauna na yi kukan da rabinsa baƙin ciki ne rabinsa fushi. Kafin yamma ofishin ya aiko da furanni, tulinsu ya fi ƙofar ɗakin faɗi.

A wurinmu, in an fito da gawa daga coci, motar takan bi ta ƙofar gidan mamaci ta ɗan tsaya kafin a wuce maƙabarta, don ya yi sallama da gida. Da direban ya rage gudu a ƙofar gidanmu, na sauke gilashi daga motar Dikin Purvis na daka wa direban tsawa.

"Wuce! Nan haya take yi. Gidansu yana gaba."

Jerin motoci ya bi mu har ƙarshen layi, inda kwalta ta ƙare a jikin shinge. Muka firfito cikin baƙaƙen kaya, rana na dukanmu, manyan motoci na wucewa a hanyar sama da rugugi. Muka yi cirko-cirko muna kallon kwaɗon. Dikin Purvis ya dube ni, ya dubi bayan motarsa.

"'Yar'uwa Claudette, in ɗauko?"

"A'a. Ta ce ba mu ba."

Sai ga Kirsten ta ratso mutane. Ashe tana can baya a motar ofis mai tambarin birni a ƙofa. Ta je bayan motar Dikin ta jawo almakashin da ƙyar, ta gyara katin wuyanta ya fito fili, ta kafa bakin ƙarfen a kwaɗon. Ta danna, ya ƙi.

"Riƙe can ƙarshe, 'yata," in ji Dikin. "Sa nauyinki duka."

Ta sa. Ƙas! Kwaɗon ya faɗi cikin ciyawa. Abin da aka kusa shekara ana zama a kansa, ko numfashi ban gama saukewa ba an gama. Na so in rungume ta, na so in mare ta, na rasa wanda zan fara.

"Za su kore ki," na ce.

"Wataƙila. Sai sun kafa kwamiti tukuna."

Ƙofar ta yi ƙara ta buɗe. Maza suka sauko da akwatin, suka bi ta cikin ciyawa har gwiwa, suka ajiye shi a inuwar ɓauren. Babu wanda ya yi jawabi. Tsuntsaye sun cinye na sama, na ƙasa sun zube sun ruɓe, sai da na ɗaga ganye na samo guda ɗaya, ɗan ƙarami, ya tsage don nuna. Na goge shi da gefen rigata na ɗora a kan murfin akwatin. Wani ƙudan zuma ya biyo shi ya sauka, muka tsaya muna jiran ya gama.