Kanari da Jaɓar Ruwa

Shekara arba'in na yi ina gadin gidan famfo a bakin rafi. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma ina da ɗan littafi da nake rubuta duk abin mamakin da idona ya gani. A shafi guda na haɗa halitta biyu: kanarin da ke kejina, mai waƙa ko cikinsa ba komai, da wata 'yar jaɓar ruwa da ke zaune ƙarƙashin bututu. In ta nutse, kumfa kan lulluɓe gashinta ta koma kamar azurfa, ta fito a bushe. Ba hutu, ba kuka, kullum neman abin kai wa 'ya'yanta.

'Ya'yana biyu ne, maza. Ƙaramin bakinsa ba ya rufuwa, na sa masa Kanari. Babban shiru-shiru ne, kullum yana cikin ruwa yana taya ni kwashe ciyawa, na sa masa Jaɓa. Yabo nake nufi, amma ban taɓa faɗa masa ba. Mutane kuwa jaɓar bayan ɗaki suka sani, mai wari. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi har wurin neman aure.

Bara babban ya ɗauke ƙafa daga gidana. Da abin ya ishe ni, na ɗauki littafin na same shi a shagonsa na gyaran famfo, yana yanka bututu.

"Baba, kai da littafin nan sai ka ce alƙali. Zauna, kar ka taka gam."

Na buɗe shafin na karanta masa, ina tuntuɓe da rubutun kaina. Na ce, "Ka gani? Kanari waƙa kawai ya iya. Ita kuwa..."

"Yaushe ka rubuta wannan?"

"Kana shekara bakwai."

Ya ajiye zarto. "Shekara talatin da uku yana aljihunka?"

"Na ɗauka ka sani."

"Shekaranjiya 'yata ta dawo daga makaranta tana kuka. Yara sun toshe hanci, wai ga 'yar Jaɓa. Me zan karanta mata, Baba?"

Na ce ya dawo gida, ni na bar kiran sunan har abada.

"Kai ka bari. Sauran gari fa?" Ya ɗauki zartonsa. "Ƙarshen wata za mu tashi. Inda za mu, ba wanda ya san ni."

Na tambaye shi ina ne. Ya raka ni bakin titi, ya tsayar mini da mota, ya riƙe hannuna har na hau. Bai faɗi sunan garin ba.