Littattafai a Cikin Leda

Hajiya Bara'atu ta zo Azare ne don a cire mata yanar ido. Amma ko ruwan da Suwaiba, matar gidan, ta kawo mata ba ta kai baki ba, maigidan ya tsaya a kanta da mukulli a hannu.

"Goggo, kafin ki huta zo ki ga wani abu. Ke da kika yi koyarwa, ke za ki san darajarsa."

Ɗan ƙanenta ne. A hannunta ya tashi a Disina tun yana ɗan shekara shida, bayan rasuwar uwarsa, kuma a can babu wanda ya san shi da wani suna sai Bappayo. A nan Azare ne ya koma Kwamared Najmuddeen, ma'aikaci a sakatariya, ya ajiye tumbi da agogo mai faɗin murfin gwangwani. Ta miƙe da ƙyar ta bi shi tana laluben bango.

Ɗaki ne guda ya ware, har yanzu yana warin fenti. Kabat ɗin gilashi ya cinye bango ɗaya tun daga ƙasa har silin, cike da littattafai. Duk da hazon da ke idonta ta gane cewa bisa launi aka jera su, jajaye wuri ɗaya, shuɗɗa wuri ɗaya, kamar kwanukan jere. Ta ce ya ba ta ɗaya. Ya buɗe, ya zaro, ya ɗora mata a hannu. Yatsunta suka zame a kan leda.

"Ba a ɓare shi ba?"

"Saboda ƙura, Goggo. Kin san hannun yara. Kwali shida na sa aka kawo daga Kano. Na ce wa mai shagon ya zaɓo min masu kauri."

"Wanne ka karanta a ciki?"

"Ai don yara aka saya."

"To wanne suka karanta?"

"Muna kan tsari," in ji shi, ya karɓi littafin ya mayar, ya murza mukulli.

Sai ya nuna mata tsarin. An aika shi wani taron bita na kwana uku a Bauchi kan cusa wa yara son karatu, ya dawo da takardar shaida wadda ya sa a firam, da jadawali da ya manna a bayan ƙofa. Kullum bayan la'asar akwai Awar Karatu. Wanda ya yi motsi ko surutu ba shi ba kallon talabijin ranar Asabar.

Bara'atu ta ce, "Madalla." Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da aji ɗaya da aji biyu. Ta yi shekarar da littafi guda ne tsakaninta da yara hamsin a gindin darbejiya, ta ɗinke bayansa da zaren lilo har sau uku. Yau ga wanda ta share wa majina yana koya mata da jadawali.

Da la'asar ta ce a sa mata kujera a ciki. Yaran suka shigo kamar masu layin allura: Khaulat 'yar shekara goma sha ɗaya, Zayyad ɗan takwas, sai Ikhlas da ba ta cika biyar ba. Uban ya miƙa wa kowa nasa, littattafai uku da ya yarda aka ɓare tun farkon shekara.

"Zayyad, gyara hularka. Khaulat, ɗaga shi sama a ga bangon. Yi murmushi mana."

Ya ɗauki hoto, ya sake ɗauka, ya tura inda zai tura. Daga nan ya kishingiɗa ya rage sautin waya yana kallon ƙwallo. Bara'atu ba ta gani sosai, amma kunnenta ya san ƙarar takarda idan an juya ta. Ta kasa kunne. Ta ji fanka, ta ji mai sharhin ƙwallo can ƙasa-ƙasa, ta ji acaɓa yana wucewa a layi. Har awa ta cika ba ta ji an juya shafi ko ɗaya ba. Ikhlas ta yi barci da kumatu a kan nata.

"Kin ga natsuwa ko, Goggo?" in ji shi yana miƙa.

"Na gani. Ko a maƙabarta sai haka."

Ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne.

Ranar Talata aka yi mata aikin ido na farko a asibitin tarayya. Likita ya ce ban da sunkuyo, ban da karatu, sannan za ta jira makonni kafin a taɓa ɗayan. Ta dawo da bandeji da 'yan kwalaben magani. Washegari Suwaiba tana kan keken ɗinki, Bara'atu ta kira Zayyad.

"Maigidan, zo ka duba min takardar nan. Sau nawa aka ce a ɗiga?"

Yaron ya riƙe takardar.

"Sau goma," ya ce.

"Nuna min inda aka rubuta."

Ya kasa nunawa. Ta sa aka rubuta masa baƙi biyu a bayan kwali, ya faɗi sunan kowanne da waƙar da aka koya musu, amma da ta ce ya haɗa su sai ya fara sosa wuya. Ɗan aji uku ke nan a makarantar kuɗi, mai laƙaton wuya da motar ɗauka. Ba ta yi masa faɗa ba, don ba shi da laifi. Ta dai tuna da kabat ɗin, ta ja tsaki har Suwaiba ta leƙo.

A jakarta akwai tsofaffin littattafan rubutu guda biyar. Tun da ta yi ritaya take rubuta abubuwan da suka faru a Disina a gabanta, don ta ga tsofaffin da suka san su suna ƙarewa. Da yamma ta ce Khaulat ta ɗauko na biyu ta karanta mata, wai tana son ta tuna inda ta kwana. Yarinyar ta fara da in-ina, don ba ta saba da Hausa a rubuce ba, tana kiran ƙ kamar k. Bara'atu ta gyara mata sau biyu, ta bar ta.

Labarin wani yaro ne da ya gudu daga makaranta ranar da za a yi musu gwajin karatu, ya hau rumbun maƙwabci ya dira ciki, barci ya kwashe shi a kan dawa. Mai rumbu ya zo bai duba ba, ya kifa murfi, ya tafi kasuwar Gamawa kwana biyu.

"Goggo, wane ne Bappayo?"

"Wani yaro ne mai taurin kai. Rufe haka nan, na gaji."

"Ai ni nake karantawa."

"Kunnena ne ya gaji."

Zayyad da ke laɓe a bakin ƙofa ya shigo. "An fito da shi?"

"Yana rubuce a ciki. Mai son ya sani ya karanta da bakinsa. Ke kuma in kika gaya masa, ba ke ba littafi na uku."

Ta tura littafin ƙarƙashin matashinta.

Ya yi kwana biyu yana roƙon yayarsa, ta hana shi. A rana ta uku ya zo da kansa ya zauna a gefen tabarma. Ba allo ba bulala. Ta ce ya nemo mata ba a shafin, ya nemo ka, ya nemo ra. Ya haɗa ba da ka, ya ji bakinsa ya faɗi kalmar da ya sani, ya ɗago ya dube ta kamar ta yi masa dabo. Kullum ya dawo daga makaranta ko takalmi ba ya cirewa. Sai da ya yi kusan mako uku kafin ya kai inda matar mai rumbu ta ji atishawa daga cikin dawa ta watsar da ƙwarya ta ruga. Kafin nan Suwaiba ta riga ta faɗa musu wane ne Bappayo, tana danne dariya da bakin mayafi.

Asiri ya tonu ne a Awar Karatu. Zayyad ya ɓoye littafin Goggo a cikin babban littafinsa mai kauri, ya manta inda yake, ya tuntsire da dariya. Uban ya fizge, ya duba, ya ga sunansa na gida a layi na farko. Ya taho ɗakin Bara'atu yaran na biye da shi.

"Goggo, wannan ba daidai ba ne. Ina wahala don yaran nan su iya Turanci, ke kina cika musu kai da tarkacen ƙauye. Har da zubar min da mutunci a gabansu."

Ba ta tashi daga kishingiɗar da ta yi ba.

"Bappayo, wancan mai kaurin wata nawa yana hannunsa?"

"Biyar."

"Buɗe masa shafin farko ya karanta maka layi ɗaya."

Ya buɗe da ƙarfin gwiwa ya miƙa. Zayyad ya dubi shafin, ya dubi ƙasa. Uban ya nuna kalma da yatsa, ya nuna wata. Ba abin da ya fito.

"Yanzu ba shi tarkacen."

Yaron ya karɓa, ya sa yatsa, ya bi layin gaɓa-gaɓa, yana tuntuɓe yana tashi, har ya kai aya.

Najmuddeen ya daɗe a tsaye. Bara'atu ta jira ta ji ko akwai sauran kunya a cikin tumbin nan.

"Makarantar nan ta cuce ni," ya ce. "Gobe zan rubuta wa hedimasta takarda mai zafi."

"Rubuta masa. Amma kai da yaron nan kuke zama ɗaki ɗaya awa guda kullum, wata biyar, ba hedimasta ba. Kai ma sai a aji huɗu ka iya haɗa baƙi, kuma ba jadawali ne ya koya maka ba, zama na yi da kai. Tun da aka haifi yaran nan sun taɓa ganinka riƙe da takarda in ba katin ɗaurin aure ba?"

Ya ce yana da taro, ya ɗauki mukullin mota.

Ta yi zaton zai yi fushi na mako guda. Kwana biyu kawai aka yi Suwaiba ta shigo da waya a hannu tana jan ƙafa. Ashe ya ɗauke su hoto ta taga: ga Bara'atu da bandeji, ga yara sun kewaye ta da littafin rubutu. Suwaiba ta karanta mata abin da ya rubuta a ƙasa. Wai sabon salon da ya ƙirƙiro ke nan bayan dogon nazari, na koyar da yara a gida da harshen uwa tare da shigar da dattawa cikin tsarin. Mutum ɗari uku da wani abu sun yaba. Wani ya ce a ba shi kwamishinan ilimi.

"An shigar da ni cikin tsari ke nan," in ji Bara'atu. "Suwaiba, kabat ɗin nan mukulli ɗaya ne da shi?"

Suwaiba ta dubi ƙofa. "Akwai wani a aljihun tsohuwar rigarsa. Ni nake goge gilashin duk Juma'a."

"Ɗauko."

Da safe bayan ya fita suka shiga su biyar, don ranar babu makaranta. Bara'atu ta zauna a kujerarsa ta ce a ɓare komai. Khaulat tana karanto sunaye tana fassarawa iya iyawarta. Akwai na dokokin harajin wata ƙasa da ko Suwaiba ba ta san inda take ba. Akwai na gyaran injin jirgin ruwa. Wani shuɗi mai kauri kwafi huɗu ne iri ɗaya, duka juzu'i na bakwai. Mai shagon Kano ya samu wanda zai share masa sito. A cikin kwali shida, goma sha ɗaya ne kawai na yara, masu hotuna da manyan baƙaƙe, an cusa su a can ƙasa saboda ba su da kauri.

Waɗannan aka fito da su tsakar gida aka zuba a kan tabarma. Ikhlas ta rungume wani mai hoton akuya ta ƙi saki. Suwaiba ta ɗauki ɗaya don ta nuna mata, sai ga ta ta zauna dirshan tana karanta musu da Turanci tana juyawa da Hausa, tana canza murya. Ta ce kafin aure ita ce mai karanta wa 'yan ɗakinsu a makarantar kwana. Ɗinkin mutane ya kwana a kan keke ranar.

Najmuddeen ya dawo ya tarar da buhu cike da leda a bakin ƙofa. Ya leƙa ɗakin, ya leƙa tsakar gida, ya buɗe baki ya ga Goggo tana dubansa da idon da aka gyara.

"A dai kula da gilashin," ya ce.

Bayan an yi mata ido na biyu ta ce gida za ta. Ya yi tayin kai ta Disina da mota idan ya samu sarari ranar Lahadi, ta ce ba ta jiran sararin kowa. Ta bar wa Khaulat littattafai huɗu, ta riƙe na biyar don ba ta gama shi ba. Suwaiba ta tsayar da keke napep, yaran suka cusa kansu don rakiya zuwa tasha.

Tun daga bakin layi Zayyad ya leƙa kai waje yana karanta duk allon da suka wuce da ƙarfi, na mai gyaran waya, na mai sayar da taki, na kemis. A wajen kasuwa ya karanta wa direban abin da ke rubuce a bayan keken da ke gabansu, direban ya ce shekararsa biyu yana bin keken nan bai taɓa lura ba. A tasha aka ce saura mutum biyu motar Disina ta cika. Bara'atu ta ce a ba ta gaba kusa da taga saboda idonta, wani mai buhun albasa ya ce shi ya riga zuwa, ta tsaya ta dube shi tun daga hula har silifa, ya sauko ya koma baya.